Wa Zai Tsaya wa Itace?

Nazari a kan littafin Christopher Stone, «Les arbres doivent-ils pouvoir plaider ?»

Gabatarwa

A shekarar 1972 wani malamin shari'a na Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka, mai suna Christopher Stone, ya buga wata doguwar maƙala a mujallar sashensu. Ya yi mata take da tambayar da abokan aikinsa da yawa suka ɗauka raha ce: shin ya kamata itatuwa su sami damar kai ƙara gaban alƙali? A 2017, bayan shekara 45, maƙalar ta fito a matsayin littafi da Faransanci, fassarar Tristan Lefort-Martine, daga gidan ɗab'i na Le Passager clandestin. Marubucin ya rasu a 2021, bayan ya ga majalisu da kotuna a nahiyoyi dabam-dabam sun mai da raharsa doka.

Taken Ingilishi, «Should Trees Have Standing?», yana ɗauke da wasa da kalma wanda Faransanci ya kasa riƙewa. Kalmar ƙarshe tana nufin tsayuwa irin ta itace, tana kuma nufin hurumin da mutum yake da shi na shigar da ƙara. Mai fassara ya kama ma'ana ta biyu, ya saki ta farko. Hausa kuwa tana iya riƙe duka biyun, har ta ƙara ta uku: itace yana tsaye, mai ƙara yana tsayawa gaban alƙali, maraya kuma yana neman wanda zai tsaya masa. A kan wannan ma'ana ta uku nazarin nan ya dogara, domin a nan ƙarfin littafin yake, a nan kuma rauninsa yake.

Mafarin magana

Stone da kansa ya ba da labari cewa tunanin ya kuɓuce masa ne a ƙarshen wani darasi kan dokar mallaka, lokacin da hankalin ɗalibai ya riga ya koma bakin ƙofa. Duk malamin da ya taɓa koyarwa a awar ƙarshe ya san irin wannan hali. Da ya fita daga aji sai ya shiga neman shari'ar da zai rataya maganar a kanta, ya kuwa same ta. Hukumar gandun daji ta Amurka ta amince wa kamfanin Walt Disney ya gina wurin shaƙatawa na dala miliyan 35 a kwarin Mineral King, cikin duwatsun Kalifoniya. Ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club ta kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta ce ƙungiyar ba ta nuna cutar da aka yi mata ita kanta ba, don haka ba ta da hurumi. Stone ya ce to, in ƙungiyar ba ta cutu ba, ai kwarin zai cutu. Me zai hana a rubuta ƙarar da sunansa?

Ya gaggauta rubutun don ya riski Kotun Ƙoli kafin ta yanke hukunci. A watan Afrilu na 1972 alƙalai huɗu suka rinjayi uku, ƙungiyar ta faɗi. Sai dai ɗaya daga cikin ukun, William Douglas, ya kafa hujja da maƙalar a cikin ra'ayinsa na saɓani, daga nan sunanta ya fita. Kwarin kansa bai salwanta ba: shari'a ta ci gaba da jan lokaci, kamfanin ya janye, a 1978 majalisa ta haɗe wurin da gandun ƙasa na Sequoia.

Jigon littafin

Littafin ya fara da tarihi. Marubucin ya nuna cewa a kowane zamani akwai wanda doka take ɗauka kaya ne: ɗa a hannun ubansa a tsohuwar Rum, bawa a Amurka, mace da aka hana aikin lauya, ɗan Sin da aka ƙi karɓar shaidarsa a Kalifoniya. Duk lokacin da aka zo faɗaɗa da'irar masu haƙƙi, maganar takan zama abin dariya ko abin tsoro, har sai an saba. Ya kuma tuna wa mai karatu cewa kotu ta daɗe tana sauraron waɗanda ba su da baki. Kamfani ba ya magana, jirgin ruwa ba ya magana, jariri ba ya magana, amma lauyoyi suna tsayawa da sunansu kullum.

Daga nan ya shiga zuciyar aikin, inda ya kafa sharuɗɗa uku da za a ce abu yana da haƙƙi a doka. Na farko, a iya shigar da ƙara da sunansa. Na biyu, alƙali ya auna cutar da aka yi masa shi kansa. Na uku, diyyar da aka ci ta koma ga gyara shi. Kogin da masana'anta ta gurɓata, in ji shi, bai cika ko ɗaya ba. Sai mai gona a bakin kogin ya ga dama zai kai ƙara. Alƙali zai lissafa asarar mai gonar. Kuɗin kuma aljihunsa za su shiga, ruwan ya ci gaba da wari.

Mai karatu a Nijar yana da misalin da zai gwada waɗannan sharuɗɗa a kai. Itacen Tenere ya tsaya shi kaɗai cikin rairayi, alama ga ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, har zuwa 1973 da wata babbar mota ta buge shi. An kwaso gangar jikinsa an kai gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Da za a kai maganar gaban alƙali, wa yake da hurumi, tunda itacen ba gonar kowa yake ba? Wace ɓarna za a auna, in ba kuɗin ɗaurin itacen wuta ba? Wa za a ba diyya? Tambayoyin uku duk sun faɗi ƙasa babu mai ɗauka, kuma wannan giɓi ne littafin ya zo cikewa.

Maganin da ya kawo shi ne waliyyi. Kamar yadda alƙali yake naɗa wa maraya ko wanda hankalinsa ya gushe mai kula da dukiyarsa, haka za a naɗa wa daji ko kogi. Diyya ta shiga asusu na musamman, a yi wa wurin aiki da ita. Marubucin bai ce kada a sake sare itace ba. Yaro ɗan shekara 15 yana da haƙƙoƙi, amma ba ya jefa ƙuri'a. Ya ma hango cewa mai haƙƙi yana iya zama mai laifi, har ya ce asusun kogi zai iya biyan waɗanda ambaliya ta yi wa ɓarna.

A wannan kashi salon yana da daɗin bi. Jimloli ne na malamin da ya saba da aji: misali kafin ƙa'ida, tambayar mai gardama kafin amsa, ga ɗan barkwanci da ke sauƙaƙa nauyin harshen shari'a. Kashi na ƙarshe, inda ya bar kotu ya shiga zancen sauya zuciyar ɗan Adam da ɗaukar duniya tamkar jiki guda, ya fi sauran sassauci. Can hujja ta yi ƙaranci, fata ya yi yawa.

Inda littafin ya yi rauni

Rauni na farko yana cikin matakalar tarihin da aka fara da ita. Bawa da mace suna da baki, toshe shi aka yi. Da ƙofa ta buɗe, da kansu suka shiga. A 2008 Hadijatou Mani ta tsaya da ƙafafunta gaban kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma da ta zauna a Yamai, ta faɗi abin da bauta ta yi mata, ta kuma yi nasara. Kuka da tsamiya ba za su taɓa yin haka ba, ko an shekara dubu ana jira. Jera su a sahu ɗaya da mutanen da aka danne yana da daɗi a kunne, amma yana ɓoye bambancin da komai ya rataya a kansa: haƙƙin itace har abada a bakin wani yake.

Rauni na biyu ya biyo bayan na farko. Ta yaya waliyyi zai san abin da wanda yake wakilta yake so? Stone ya amsa da ciyawar ƙofar gidansa, wadda bushewarta ke nuna masa tana bukatar ruwa. Misalin ya yi sauƙi ƙwarai. A ɗauki Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga Najeriya, ya ratso Nijar, ya sake komawa Najeriya, ga madatsar ruwa ta Jibiya a samansa, ga yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 da ƙasashen biyu suka sa wa hannu kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kai. Me gulbin yake so? Ya malala cikin fadama kamar da, ko ya kwanta bayan madatsa ya shayar da noman rani? Mai lambu, makiyayi, masunci da mai haƙar yashi, kowa zai rantse cewa da bakin gulbi yake magana. Hausawa sun ce dokin mai baki ya fi gudu.

Rauni na uku shi ne babba. Marubucin ya gane cewa ma'aikatar gwamnati ba ta isa ta zama waliyyi ita kaɗai ba, domin ita ce kuma mai ba da izinin sara da haƙa. Amma da ya tashi neman madadi, sai ya nufi manyan ƙungiyoyin birni masu lauyoyi da asusu. Mutumin da ke zaune ƙarƙashin itacen, yake cin ƴaƴansa, yake kuma sare reshensa, bai sami kujera a cikin tsarin ba. Littafi ne da aka rubuta a ƙasar da kowace gardama ke ƙarewa a kotu, inda maƙiyin daji kamfani ne mai katafila. A Sahel sau da yawa mai sara da mai reno mutum ɗaya ne, kuma talaka ne.

Abin da shekaru suka nuna

Dokokin da suka biyo baya sun tabbatar da cewa a wurin waliyyi ake ci ko a faɗi. A watan Maris na 2017 majalisar Niyu Zilan ta ba kogin Whanganui matsayin mai haƙƙi a doka, bayan al'ummar Mawori ta shafe fiye da shekara 140 tana kai koke. Dokar ta faɗi wanda zai yi magana da sunan kogin: mutum biyu, ɗaya daga al'ummar kogin, ɗaya daga gwamnati. Ta kuma ware asusu na dalar ƙasar miliyan 30 don lafiyar ruwan. A cikin watan nan dai wata babbar kotun jiha a Indiya ta ba kogunan Ganga da Yamuna irin wannan matsayi, ta naɗa manyan jami'an jihar su zama iyayensu. Gwamnatin jihar ce da kanta ta ɗaukaka ƙara, tana tambaya wa zai biya in ambaliya ta ci mutane, kuma a watan Yuli Kotun Ƙoli ta dakatar da hukuncin. An naɗa waliyyin da bai nema ba, ya ajiye amanar a bakin ƙofa.

Ƙasar Ikwado ta bi wata hanya. Tsarin mulkinta na 2008 shi ne na farko a duniya da ya rubuta haƙƙin halitta, ya kuma ba kowane mutum damar kai ƙara a madadinta. Da wannan dama ce kotun tsarin mulki ta hana haƙar ma'adinai a dajin Los Cedros a 2021. Amma a ƙarƙashin wannan tsarin mulki ne kuma aka fara haƙar man fetur a wani sashe na gandun Yasuni a 2016, sai da jama'a suka fito ƙuri'ar raba gardama a 2023, kusan kashi 59 cikin ɗari suka ce a daina. Rubutu a takarda shi kaɗai bai tsayar da injin haƙa ba.

Darasin gawo

Kudancin Nijar yana da nasa babin da littafin bai sani ba. Tsofaffi a Damagaram suna ba da labarin cewa Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, ya kafa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. A ƙauyuka kuma akwai tsamiyar da ba a kusanta da gatari don tsoron iskoki, akwai tabkin da ba a shiga su sai sarkin ruwa ya ba da izini. Ya kamata a yi hattara kada a kira wannan duka haƙƙin itace. Tsoro dabam, haƙƙi dabam. Ranar da tsoro ya gushe, itacen ya zama marar gata. Abin da ya fi kusa da tunanin Stone shi ne sarautar sarkin ruwa, domin a nan akwai mutum sananne mai amsa tambaya.

Dokar daji ta Turawan mulkin mallaka ta 1935, da ta 1974 da ta gaje ta bayan samun ƴancin kai, sun mai da gwamnati uwa da uban itatuwa. A takarda wannan kariya ce. A gona kuwa sai manomi ya fahimci cewa gawon da ya tsiro a cikin hatsinsa ba nasa ba ne, kuma taɓa reshensa na iya jawo masa tara. Wanda ya san haka, tun tsiron yana ƙarami zai share shi, kafin ya girma ya zame masa shari'a. Ga fari na shekarun 1970 da 1980, ga yawan jama'a, ga shawarar masana aikin gona ta a tumɓuke kututture. Gonaki suka zama fili fetal, iska tana binne shuka.

Juyin ya faro a farkon shekarun 1980. A yankin Maraɗi wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan kurmin da ake sharewa kowace bazara tohon kututture ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa, ya shiga yaɗa dabarar zaɓen tsiro biyu ko uku a rene su, wadda aka sani da sassaben zamani. A yankunan Magarya, Matamai da Mirya manoma sun farfaɗo da renon gawo da iyayensu suka sani. A daidai lokacin hannun hukuma ya sassauta, sannan dokar tsarin karkara ta 1993, dokar daji ta 2004 da dokar zartarwa ta 2020 kan sassaben zamani suka zo suna ƙara matso da itacen gona kusa da mai gonar. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 suka sake yin kore, da itatuwa kimanin miliyan 200.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan itatuwa da ya kai ƙara. Abin da suka samu shi ne waliyyin da ke kwana kusa da su, wanda ribarsa take cikin rayuwarsu. Wannan bai rushe hujjar Stone ba, domin manomi ba zai iya tsayawa gaban kamfanin haƙar ma'adinai ko madatsar ruwa ta wata ƙasa da gatarinsa da haƙurinsa ba. A can ana bukatar kotu. Amma ya gyara ta a wuri mai muhimmanci: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Waɗanda ba a haifa ba

Akwai wani mai ƙara da ya fi itace rashin baki, shi ne jikan da ba a haifa ba. Maƙalar 1972 ba ta zauna a kansa sosai ba. A bugun da ya biyo baya ne marubucin ya ƙara babi mai tambaya ko ya dace a naɗa wa masu zuwa waliyyi. Kotuna sun taɓa wannan tambaya. A 1993 Kotun Ƙoli ta Filifin ta yarda wasu yara, ta hannun lauya Antonio Oposa, su ƙalubalanci lasisin saran daji da sunansu da na waɗanda ba a haifa ba, ko da yake hukuncin ƙofa ya buɗe, bai soke lasisi da kansa ba. A 2018 yara da matasa 25 suka kai gwamnatin Kolambiya ƙara kan ɓarnar dajin Amazon. Kotun Ƙoli ta haɗa tambayoyin biyu a hukunci ɗaya: ta ce dajin mai haƙƙi ne, ta kuma umarci a ƙulla alkawari tsakanin zuriyar yau da ta gobe. Aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya. Yankin Wales na Birtaniya kuwa, da dokarsa ta 2015, ya ƙirƙiro muƙami sukutum na kwamishinan zuriya mai zuwa.

Tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda aka jingine a 2023, ya ambaci waɗannan magada. Ayarsa ta 35 ta ɗora wa gwamnati kare muhalli don amfanin na yanzu da na gaba, wata ayar kuma ta yi zancen kafa musu asusu. An ambaci magada, sai dai mai riƙon dukiyar shi ne mai kashe ta a kasafin kowace shekara. Fiƙihun da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa ya fi wannan tsanani a kan dukiyar maraya: waliyyi sananne ne, alƙali yana iya tuhumarsa, yana iya tsige shi, kuma ranar da yaro ya balaga sai an yi lissafi.

A nan akwai tarkon da ya kamata a kauce masa. Mafi yawan gidaje a Nijar da itace suke girki. Matar da ta fita neman makamashin tuwon dare ba maƙiyiyar jikokinta ba ce, kuma adalcin da zai kare na gobe ta hanyar cin tarar na yau zalunci ne da sabuwar riga. Darajar sassaben zamani ita ce ya raba gardamar: rassan da aka sassabe na murhun yau ne, gangar jikin ta magada ce. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, ya yi kore da rani ya ba dabbobi abinci, kuma wanda ya rene shi ya san cewa mafi yawan inuwarsa wasu ne za su sha.

Kammalawa

Littafin Stone ya cancanci shiga ɗakunan karatu na makarantun sakandare da na ƙungiyoyin al'adu. Gajere ne, hujjarsa a fili take, kuma yana koya wa ɗalibi abin da littattafan tarbiyyar ɗan ƙasa ba su cika koyarwa ba, wato cewa mutane ne suka zana iyakar masu haƙƙi, mutane kuma suna iya matsar da ita. Sai dai a karanta shi da tambayoyi huɗu a hannu, waɗanda suka dace da kowace doka da za a zo da ita da sunan kogi, daji ko jikoki. Wane ne waliyyi? Wa ya zaɓe shi? Da wane kuɗi zai yi aiki? Gaban wa zai yi bayani? Dokar da ta kasa amsa su ado ce kawai.

Hausawa suna zargin mutum da cewa inuwar giginya ne, na nesa ka sha. A maganar gado tsakanin zuriya da zuriya, wannan zargi yabo ne, muddin nisan na shekaru ne, muddin kuma ba a hana na kusa ƴaƴan da suka faɗo a gindinta ba.